Wadda Ta Riga Tsuntsu Tashi

Ƙarar gwangwani ce ke fara zuwa mini. Ba gwangwani ɗaya ba, jerin gwangwanayen madara da na tumatir da aka zuba wa tsakuwa aka rataye a igiya. In ka fizgi igiyar daga bakin gona sai su amsa ɗaya bayan ɗaya har can gindin tsamiya, kacau, kacau, kamar 'yan mata sun taho da mundaye ba a ganin su. Bayan ƙarar sai ƙamshi ya biyo: raɓa a kan ganyen maiwa, ƙasa mai sauran laima, da hayaƙin murhun wani gida da ya riga namu hura wuta. Na daɗe ban ji wannan ƙara da kunnena ba. Kwanan nan ta dawo mini a tsakiyar aji, ina riƙe da alli, yara suna kallona.

Ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a nan Gusau, kuma darasin ranar ya kawo mu kan wata magana da Turawa ke yi. In mutum mai tashi da wuri ne, sai su kira shi tsuntsun sammako. Na yi wa yaran bayani gwargwadon iyawata. Na ce ana faɗa wa wanda ya riga kowa isa wurin aiki, ko wanda ya share ƙofar shagonsa maƙwabta ba su ko zo ba, ko wanda ya isa tasha tun mota ba ta fara lodi ba ya samu kujerar gaba. Yabo ne, wani lokaci da 'yar zolaya a ciki. Ba a faɗa wa wanda ya kwana ido biyu, don shi ba tashi ya yi ba, kwanciya ce bai yi ba. Ba a kuma faɗa wa wanda tafiya ta kama ya yi sammako sau ɗaya, sai wanda abin ya zame masa jiki. Na ce kowa ta sa maganar a jimla. Wata ta sa mai ƙosan bakin layinsu, wata ta sa ladan. Sai wata 'yar siririya daga kujerun baya ta ɗaga hannu.

"Malama, wane irin tsuntsu ne? Zakara?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce mata ba su faɗi sunansa ba, kowane tsuntsu ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tsuntsu da sassafe ba sai tantabarun maƙwabcinsu, su ma sai an buɗe musu. Na san iyayen yarinyar nan, daga ƙauyukan Tsafe suka taso kamar mu, amma ita a nan unguwar Tudun Wada ta buɗe ido. Na tambayi ajin ko akwai wadda ta san tsuntsun da ake kira jan-baki. Suka kalli juna. A nan ne gwangwanayen suka kaɗa mini.

A 'Yankuzo, inda na yi wayo a hannun kakata, tsuntsun da ya yi sammako ba abin yabo ba ne. Ɓarawo ne, kuma aikin mutum shi ne ya riga shi tashi.

Asubar wancan lokaci ba farat ɗaya take zuwa ba, hawa-hawa take, kuma kowane hawa da sautinsa. Zakaran wani gida zai fara, na wani ya ƙaryata shi. Sai ladan, wanda ba shi da lasifika, har gyaran muryarsa kana ji kafin ya ɗaga kira. Sai guga ta bugi ruwa a rijiya. Sai taɓarya ta farko ta sauka a turmi, ta biyu ta amsa mata daga ƙetaren danga, kafin ka ankara unguwa duka ta ɗauka kamar zuciya ɗaya ke bugawa. Wanda ya iya saurare ba ya bukatar agogo. Yanzu asuba a Tudun Wada waya ce ke kawo ta, ta yi ƙara a gefen matashi, mutum ya danne ta ya juya. Janareton maƙwabci ya kwana yana gurnani, masallatai su kira a tare ta lasifika har ba ka san muryar wa kake ji ba, babura su fara tun duhu. Ba na cewa mutanen yanzu ragwaye ne. Masu tuya da direbobi da masu kai kaya kasuwa suna tashi kamar yadda iyayensu suka tashi. Abin da ya ɓace shi ne asubar da ake ji tana tahowa tun daga nesa.

Ni kuwa a wancan lokaci duk waɗannan sautuka a cikin mafarki suke iske ni. Guga ta zama ganga, taɓarya ta zama tafiyar raƙuma, ni kuma ina biye da su zuwa wani gari mai ƙofofi shuɗɗa. Kakata, wadda kowa ke kira Inna, takan tsaya a kaina da buta a hannu.

"Ke ɗiyar ga, ke da kwana tare anka yanke muku cibi?"

"Inna, mafarki nake ƙarasawa."

"To ki ce mashi ya biyo ki bakin murhu ku ƙarasa can."

Ba ta taɓa duka na a kan barci ba. Zolaya ce makaminta, kuma tana da kaifi.

Inna tana da 'yar gona a bayan gida, ba ta da girma, daga dangarmu zuwa tsamiya. Abu ɗaya take shukawa a ciki: maiwar da ta zo da irinta daga Bungudu lokacin da aka kawo ta amarya, wadda ta karɓa a hannun mahaifiyarta. Zangarniyarta doguwa ce, ƙwayarta fara tas, furarta kuma tana da wani gardi da ban sake ji a bakina ba sai bayan shekaru. Aibinta ɗaya, jinkiri. Mutane sun koma geron da ke nuna da wuri, su girbe su ɗaure su kai rumbu, ita kuwa maiwar Inna sai a lokacin take fara zuba ƙwaya. Gona ɗaya tsaye da kai cike a tsakiyar gonakin da suka zama kara, duk tsuntsun da ke yankin ya san hanyarta. Shi ya sa kowace shekara, daga lokacin da ƙwaya ta yi ruwa-ruwa har ta ƙosa, Inna a kan rumfar tsaro take sallar asuba. Babana, wanda ke jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, ya sha yi mata magana.

"Inna, ki bar wahalar ga. In kawo miki irin da kowa ke shukawa."

"Kowa ya sha hurar kowa," in ji ta. "Ni ta uwata nika sha."

A shekarar da nake ba da labari, maiwa ta yi kyau irin wanda masu wucewa ke tsayawa su ce tubarkalla. Tana cikin zuba ƙwaya Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya ce kada ta kuskura ta taka. Baba ya so ya kwashe mu zuwa Gusau. Inna ta ce ƙafa tata ce, maiwa kuma amana ce, ba inda za ta sai an girbe. Dangin da ke kusa kowa yana fama da dawarsa a gonakin nesa. Aka duba gidan, babu mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ni.

"Sarauniyar kwana za a ba tsaron tsuntsu?" in ji Baba, yana dariya. "Ai gara a rataya tsohuwar rigata a kara."

Dariyar ta shige ni har ƙashi. A raina na ɗaura ɗamara.

Washegari na tashi lokacin da mutane ke tashi, na yi salla, na fita gari ya yi haske. A ganina na yi bajinta. Na iske su sun riga ni, 'yan ƙanana masu jan baki, kowace zangarniya da nata baƙin, suna ci suna hira. Na koma na gaya wa Inna. Ta ce jan-baki ba ya jiran rana, da zarar ya iya bambanta kara da zangarniya ya sauka, kuma korar wanda ya riga ya ɗanɗana ta fi wuya. Dole ya iske mutum a can, ya ji motsi tun yana sama, ya canza shawara. Matsalar ita ce kira ba ya tashe ni, ita kuma ba ta iya tasowa ta girgiza ni. Ni na kawo dabarar. Na yanko ragowar igiyar gwangwani, na ɗaura baki ɗaya a idon sawuna, na miƙa mata ɗayan. Ta daɗe tana dariya har ƙafar ta motsa ta yi salati.

"Yau na ga gwangwani mai hanci," ta ce.

Haka muka yi ta yi. Kafin ladan ya yi gyaran murya sai in ji fizga, in miƙe ido a rufe, in yi alwala da ruwan da ya kwana a randa, sanyinsa ya ƙarasa abin da igiya ta fara. In yi salla, in ratsa danga, raɓa tana jiƙa mini zane har gwiwa, in hau rumfa. A can na fara sanin cewa duhu ma launi-launi ne. Na ga yadda gabas ke yin toka, ta yi ruwan goro, sannan wani siririn ja ya tsaga ta. Na koyi wurga hoge da majajjawa, bayan na sha bugun kaina da ita. Na koyi cewa in ka yi ta kaɗa gwangwani ba tsayawa tsuntsu yakan saba, har ya sauka a kan igiyar, sai ka yi shiru ka bar shi ya matso sannan ka fizga da ihu. In rana ta yi zafi su tafi inuwa, ni ma in tafi makaranta a makare, da la'asar mu sake haɗuwa. Mafarkaina ba su gudu ba. A kan rumfa nake ƙarasa su, ido buɗe, hannu a kan igiya.

Ana cikin haka wata rana Baba ya zo da magani. Ya durƙusa a bakin gadon Inna ya yi ƙasa da murya. Ina tsakar gida ina wanke kwanoni, abin da na tsinta kawai shi ne sunan Bungudu, sai kuma na ji Inna ta ce innalillahi. Da ya tafi na shiga na tambaye ta wa ya rasu.

"Ba wanda ya rasu. Jawo mini adudun can."

A cikin adudun zannuwanta ne na adana, waɗanda ba ta ɗaurawa sai da salla ko suna, suna ƙamshin turaren wuta da daɗewa. Ta zaro ɗaya mai ruwan bula, ta sa haƙori a gefensa, ta tsarge shi gida biyu. Na riƙe mata hannu.

"Inna, lafiya? Zanen sallarki ne fa!"

"Na san ko na mi ne. Yage shi ƙanana. Ki bi gona ki zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ki naɗe ta ki ɗaure, kamar yadda anka ɗaure ƙafar ga. Kar ki matse, ki bar mata wurin shan iska."

"Duka gonar?"

"Zane ba ya isa. Iri za ki suturta."

Na yi mamakin tsohuwar da ke yaga suturarta saboda hatsi, amma ban ƙara tambaya ba. Kullum da la'asar ina tsaro ina naɗi. Karan ya fi ni tsawo, sai na lanƙwaso shi a hankali, ƙaiƙayi yana zubo mini a wuya. Tsakiyar gona ta fara zama kamar taron biki, kawuna sanye da ɗankwali kala-kala. Masu wucewa suna tambaya ko maiwar Inna aure za ta yi.

Ban gama naɗin ba ranar ta zo. Ƙafata ce ta farka kafin ni, tana jiran fizgar da ba ta zo ba. Na buɗe ido a cikin duhu, igiya kwance sako-sako a ƙasa, sai ga gyaran muryar ladan. Na lallaɓa gadon Inna na taɓa ta, jikinta kamar garwashi, tana numfashi sama-sama. Na ce yau ba gona, ina nan tare da ita. Ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Tahi."

"Inna, jikinki..."

"Zazzaɓi ba ya cin maiwa. Tahi, ɗiyata."

Na buga wa maƙwabciyarmu danga na roƙe ta ta shigo ta zauna da ita, na yi salla, na fita da gudu. Ina hawa rumfa na ji wani abu da ban taɓa ji ba, kamar ruwan sama a kan rufin kwano tun yana unguwar nesa. Na ɗaga kai. Daga yamma wani baƙin abu yake tahowa ƙasa-ƙasa kamar hayaƙin gobara, yana lanƙwasa, yana miƙewa, yana tsinkewa yana haɗewa. Waɗanda na saba kora 'yan gari ne. Waɗannan baƙi ne, kuma ba su da iyaka.

Na tuna abin da na koya, na yi shiru har suka sauko daidai kan tsamiya, sannan na fizgi igiya da hannu biyu na kurma ihu. Hayaƙin ya tsage ya yi sama. Ya kewayo. Na sake. Ya sake kewayowa. A karo na nawa ban sani ba igiya ta tsinke, gwangwanaye suka zube suka yi shiru. Na diro daga rumfa na ɗauki farantin da na zo da ɗumame a ciki da wani guntun itace, na shiga cikin maiwa ina bugawa ina gudu, ganye yana yanka mini fuska. In na kore su gabas su sauka yamma. Nan na gane cewa ba zan iya tsare gonar duka ba, kuma in na ce sai duka, duka zan rasa. Na bar musu gefen tsamiya. Na ji suna ci, ƙarar bakinsu kamar ana soya gyaɗa a yashi, na juya musu baya ina hawaye. Na tsaya a tsakiya, wurin masu ɗankwali da manyan da ban kai ga naɗewa ba, na cire mayafina ina kaɗawa da hannu ɗaya, ina buga faranti a gwiwa da ɗayan. Murya ta dushe, ta koma kamar ta ɗan tsako, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya, na ci gaba da buɗe baki ko babu sauti. Na ce a raina ko ni ko su. Ba su tashi ba sai da rana ta take, inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata.

Na shiga gida ƙafa duk ƙaya. Zazzaɓin ya ɗan sauka, Inna tana jingine. Ta dubi fuskata, ta dubi farantin da ya lotse.

"Mi sunka bari?"

Ba murya, sai na nuna mata da hannu: gefe ya tafi, tsakiya tana nan. Ta rufe ido ta daɗe leɓɓanta suna motsi. Da ta buɗe sai ta ce, "Bar ɗaura igiyar ga a ƙafarki, kin fi ƙarfinta." Tun daga ranar ba a sake tashe ni ba. Baƙin sun ƙara zagayowa, amma ba da yawan farko ba, kuma kullum a can suke iske ni.

Abin da aka girbe bai cika rabin na shekarar baya ba. Baba ya kalli dammunan, ya kalle ni, ya ce ya janye maganar riga. Inna ta sa aka kwance ƙyallayen a gabanta, ta murza zangarniyar da hannunta, ta zuba irin a tulu da toka ta liƙe baki. Kafin ta liƙe na ga ta ɗebi wani ta ƙulle a guntun zanen nan mai ruwan bula ta ba Baba. Ban tambaya ba, hankalina yana kan furar farko da ake damawa.

Shekaru sun tafi. Inna ta rasu ina makarantar kwana. Bayanta 'yan bindiga suka sa hanyar gona ta daina zama ta kowa, har ranar da mutanen gidanmu suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, suka bar rumbu da tulu da tsamiya. Na daɗe ina ɗauka cewa maiwar ta ƙare a nan, kuma duk lokacin da na sha furar kasuwa sai in ji kamar ana gaya mini labarin fura ne.

Amma bana akwai maiwa a bayan ɗakina a Tudun Wada. Layi kaɗan ne, tsakanin katanga da tankin ruwa, a ƙasar da na yi ta ɗebowa a buhu. Maƙwabta suna dariya, sun ce Malama ta buɗe gandu. Ta fara fitar da kai, 'yan tsuntsayen gari kuma sun fara leƙowa, don haka na tara gwangwanaye. Na gaya wa 'yan ajina, har da mai tambayar zakara, cewa in ƙwaya ta zuba duk wadda ke son ganin tsuntsun sammako da idonta ta zo, amma ta sani sai ta riga shi. Zan girbe ta bana, in shuka ta baɗi, in ajiye iri a toka, har ranar da za a mayar da ita inda tsamiya take. Wannan na ɗaura wa raina kamar yadda na taɓa ɗaura igiya a ƙafa.

Irin daga Bungudu na samo shi. Bara na je gaida ƙanwar Inna, wadda tsufa ya rage mata gani amma bai taɓa bakinta ba. Aka kawo mini fura, na kurɓa, sai na ji gardin furar Inna. Na ajiye ludayi na zaga bayan gida, ga ta nan tsaye, doguwar zangarniya, farar ƙwaya. Na dawo na durƙusa a gabanta na ce ashe su ba su taɓa rabuwa da maiwar gidansu ba.

"Wa ya ce miki? Shekarar da Yaya ta karye, jan-baki ya share tamu ƙaf, ko na baki ba mu tsira da shi ba. Na tulu kuma mun riga mun shuke. Na aika ubanki ya gaya mata iri ya ƙare a gidan uwarmu, in nata ya tahi shi ke nan."

Na ce Inna ba ta taɓa gaya mini ba.

"Ta ce kayan sun yi wa kanki nauyi, in kin sani ba ki iya gudu da su." Ta lalubo hannuna ta mayar mini da ludayin. "Bayan girbi sai ga ƙulli a tsumma mai ruwan bula. Duk abin da kinka gani a bayan gidan ga daga cikinsa ya hito. Sha hurarki, ɗiyata. Taki ce."